Dutsen da ke Bayan Autanmu

Hoton ya iso gidanmu ne a cikin hular wani maƙwabcinmu mai sayar da goro. Ina zaune a zaure da hantsi, da riga a cinyata ina yi mata aiki, ya yi sallama ya shigo, ya cire hula ya zaro wata 'yar takarda mai kauri wadda ba ta kai tafin hannu ba, ya miƙo mini. Ina dubawa na ga ƙanena.

A lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, kuma a unguwarmu ta Limancin Kona, cikin birnin Zariya, gidajen da ke da hoto ba su da yawa. Mu biyu ne maza wurin mahaifiyarmu, ni ne ɗan fari, shi ne auta. Ni na gaji allura da zare wurin mahaifinmu, ɗinkin manyan riguna. Shi kuwa tun yana ƙarami ba abin da ke gabansa sai mota. In aka aike shi kasuwa sai a tsince shi a Tudun Wada yana leƙen cikin injin. Ran da ya tafi bai yi wa kowa sallama ba. Damina uku ta wuce ba mu ji ɗuriyarsa ba, a cikin ta ukun kuma Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Ba mu san inda za mu aika a gaya masa ba.

Na tambayi mai goro wa ya ba shi. Ya ce wani yaron mota ne a tashar Sabon Gari, shi ma yaron wani direba ne ya ba shi. An dai ce a kai gidan Malam maɗinki a Limancin Kona, a ce yana gaishe su, yana nan lafiya.

"Yana nan ina?" na ce.

"To, ai an faɗi garin," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Yaron ya faɗa mini ina tsakiyar ciniki. Wallahi ya fita a kaina."

Na juya bayan hoton, babu ko ɗigon tawada. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, wanda zai iya rubuta sunan gari da ajami kafin ka ƙifta ido, ya aiko mana da fuskarsa bai rubuta komai ba.

Na shiga cikin gida na kai wa Inna. Idonta ya riga ya yi yana a lokacin, ba ta gani sai dishi-dishi. Ta karɓa ta kai shi dab da hanci, ta matsar da shi nesa, ta shafa shi da yatsa, sannan ta miƙo mini. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari, ko magana za ta yi mini sai ta fuskanci bango ko tukunya. Ran nan ma bangon ta fuskanta, ta ce, "Kai, zauna ka faɗa mini abin da ke ciki."

Na zauna a bakin ƙofa na faɗa mata. Yana zaune a gefen hanya bisa wani farin dutse, da gajeren wando da taguwa irin ta 'yan mota, ya harɗe ƙafafu. Ya ɗan yi ƙiba. Yana dariya.

"Dariya yake yi?"

"Dariya yake yi, Inna."

"Bai sani ba ke nan." Sannan ta ce, "Me ke bayansa?"

Na lissafa mata. Hanya ce marar kwalta, da sawun taya a kanta. Akwai sandar wayar tangaraho guda ɗaya, ta ɗan karkace. Akwai giginya biyu kusa da juna, ɗaya doguwa ɗaya gajera. Can baya kuma ga wani ƙaton dutse mai sulɓi, gefensa na hagu a tsaye kamar an yanka da wuƙa, na dama ya gangara a hankali. Kan dutsen bai fito ba, mai hoton ya yanke shi. Farin dutsen da auta ya zauna a kai irin wanda ma'aikatan hanya ke kafawa ne don ƙirga mil, ana rubuta masa harafin gari da lamba. Da ya tsaya a gefensa kamar kowa, da na kai an karanta mini na huta. Amma ƙafafunsa sun rufe rubutun duka, sai lamba ɗaya da ta leƙo ta gefen ƙwaurinsa. Na karanta ta huɗu, irin huɗun Larabci da muke rubutawa a allo.

Inna ta ce, "A nemo wurin. A je a gaya masa baki da baki. Ba na so ya ji mutuwar ubansa a bakin 'yan tasha."

Ta ce a nemo, amma babu wanda take nufi sai ni.

Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ke riƙe da gidan tun bayan rasuwar. Da labarin ya kai masa ya fito yana faɗa, wai hoto ba zai kwana a gidan malamai ba. Yana faɗan yana miƙo hannu. Ya karɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai Kufena ne. Yaron nan yana bayan gari yana ɓuya, kunya ta hana shi shigowa."

Na ce, "Baffa, ban san hanyar mota da dutsen mil a gindin Kufena ba."

"Ni da na tsufa ina kallon Kufena za ka gaya wa?"

Ba a musu da Baffa. Washegari na ajiye allura na fita ganuwa ta yamma. Kaka ce, an fara yankan dawa. Na bi ta cikin gonaki ina zagaya dutsen, in na ɗan yi tafiya sai in tsaya in ɗaga hoton in gwada. Manoma suna miƙewa daga aiki suna kallona. Na ga rimi, na ga ɗorawa, na ga kuka, ban ga giginya biyu a haɗe ba. Kufena kuma shimfiɗaɗɗe ne, da manyan duwatsu a tare a gindinsa, ba shi da gefen nan mai kama da bango. Na san haka tun kafin in fito, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na dawo da la'asar da ƙarangiya har gwiwa. Baffa ya ce ban duba da kyau ba.

Daga nan na koma tasha. Daga birni zuwa Sabon Gari ba kusa ba ne a ƙafa, ka fita Ƙofar Doka, ka ratsa Tudun Wada, ka haye gadar Kubanni. Na fara neman yaron motar da ya ba mai goro hoton, aka ce yaran mota sun fi a ƙirga, yau suna nan gobe suna can. Sai na nuna wa direbobi. Kafin in ankara hoton ya bar hannuna yana yawo daga hannu zuwa hannu, kowa da baƙin mai a yatsa. Wannan ya ce ƙasar Jos ce. Wancan ya ce ina, Jos duwatsunta a jere suke bisa juna, kuma da an ga shingen ƙerana. Wani ya ce Kagoro, wani ya ce hanyar Bauci, wani ya ce shi dai ya san yaron, ya taɓa ganinsa a Kano, ko kuwa wani mai kama da shi. Suka koma gardama a tsakaninsu, suka manta da ni. Da na samu na karɓe hoton, wani ya riga ya danna masa babban yatsa a kan gajeriyar giginyar, tabon bai taɓa fita ba.

Mutum ɗaya ne ya duba shi da natsuwa, wani dattijon direba Banufe da aka ce yana tuƙi tun kafin a tafi yaƙin Turawa a ƙasar Bama. Ya goge hannu a tsumma kafin ya karɓa. Ya ce, "Malam, wannan ya yi mini kama da dutsen Kwatarkwashi, hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Har giginyoyin nan kamar na san su. Amma ba shi ba ne."

"Don me?"

"In ka tsaya a kan hanya kana kallonsa daga wurin nan, tsayayyen gefen yana damarka ne, gangaren yana hagu. Nan kuwa ga shi akasin haka."

"Ko daga ɗaya gefen aka ɗauka?"

"Babu hanyar mota a ɗaya gefen." Ya miƙo mini. "Ba na so in sa ka tafiyar banza."

Wani matashin direba da ke tsaye yana ji ya ce ai shi tun ɗazu ya gane wurin, Dutsen Wai ne, kan hanyar Jos, kullum yana wucewa ta gaban giginyoyin nan. Ya rantse. Ya ce gobe ma zai bi ta can, in zo ya sauke ni daidai wurin. Dattijon ya koma ƙarƙashin motarsa.

A lokacin ina da rigar wani attajiri a hannu, zai aurar da ɗansa, na yi rabin aikin gaba. Na naɗe ta na ajiye, na hau bayan mota bisa buhunan gishiri. Da muka kusa na ga duwatsu, na fito da hoton. Amma duwatsun suna da yawa, kuma duk da itatuwa a jikinsu. Na buga bodin mota, direban ya leƙo ya ce gaba kaɗan ne. Muka yi gaba, na sake bugawa, ya ce gaba kaɗan. Daga ƙarshe ya tsaya ya sauko, ya karɓi hoton ya ɗaga, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce, "Malam, ka san duwatsu kama suke yi." Ya ja motarsa ya bar ni a nan.

Tun da na riga na zo, sai na bi hanyar a ƙafa, daga dutsen mil zuwa dutsen mil, ina durƙusawa ina neman huɗun nan tawa. Ban ga lamba ko ɗaya mai kama da ita ba, duk wani irin rubutu ne da ba na iya karantawa. A wani ƙauye mutane suka ɗauka ni ma'aikacin gwamnati ne na zo auna gonaki, sai da na yi dogon bayani kafin a ba ni ruwa. Na kwana a zauren mai gari. Na dawo Zariya da zazzaɓi, na tarar attajirin ya aiko an karɓi rigarsa an kai wa wani maɗinki a Unguwar Juma. Tun zamanin mahaifinmu yake kawo mana aiki, daga ran nan bai sake ba.

Da na samu sauƙi na shiga wurin Inna na ajiye mata hoton a kan tabarma. Na ce, "Inna, na gaji. Wanda ya san yadda zai aiko da hoto ya san hanyar gida. Ina da iyali, ina da aiki."

Tana tankaɗen gari. Ba ta tsaya ba, ta ce wa rariyar, "An gode."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na koma zaure na ci gaba da ɗinki. Matata ce ke ba ni labarin abin da ke gudana a ciki. Ta ce Inna ta rage cin abinci. Ta ce kowace safiya sai ta fito da hoton daga cikin kwallarta ta riƙe, wani lokaci ma a kife take riƙe shi ba ta sani ba. Ta kuma ce Inna ta ba da umarni, duk baƙon da aka ji ya yi boko ko ya yi yawon duniya, a fitar masa da hoton ya gani. Haka aka nuna wa wani tsohon soja, aka nuna wa mai gyaran keke, aka nuna wa wani malamin asibiti. Kowa ya faɗi nasa garin. Ni kuwa in an fito da shi ba na ko ɗaga kai.

Ana cikin haka wani malamin makaranta daga Wusasa ya zo a kan keke. Bahaushe ne Kirista, tsohon mai kawo wa mahaifinmu ɗinki, bai ji rasuwar da wuri ba, ya zo ta'aziyya kuma yana son riga. Muna cikin zaɓen zare sai ga hoton an aiko da shi daga cikin gida a kan faifai. Na ba shi haƙuri, na ce kada ya wahalar da kansa. Ya ce ba komai. Ya sa tabarau ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya ce shi bai san duwatsu ba, iyakar tafiyarsa Kaduna. Sannan ya ce, "Wace lamba ka ce wannan?"

"Huɗu."

"Malam, ma'aikatan hanya ba sa rubuta lambar Larabci a dutsen mil, da boko suke yi. Wannan uku ce ta boko, amma ta juya baya. Akwai madubi a gidan?"

Aka kawo ɗan madubin matata. Ya riƙe hoton a gabansa ya ce in duba cikin madubin. Ya ce wani lokaci in mai hoto yana wankewa yakan kife abin da ya ɗauko, sai hagu ya koma dama, dama ta koma hagu. Na duba. Tsayayyen gefen dutsen ya koma dama, gangaren ya koma hagu, daidai yadda dattijon direban nan ya faɗa. Har aljihun taguwar auta ya koma ƙirjin hagu, inda kowane tela ke sa shi. Na yi makonni ina kallon aljihun nan a dama, ni da allura ce sana'ata.

Malamin ya yi tsammanin zan yi murna. Na yi masa godiya yadda ya kamata, amma abin da na ji a raina haushi ne. Na ji haushin mai hoton da ban san shi ba, na ji haushin wanda ya zauna bisa rubutu, na tuna gishirin da na zauna a kai har Dutsen Wai.

Na koma tasha neman dattijon, aka ce yana jigilar gyaɗa a ƙasar Kano. Na yi ta zarya, yau a ce ya zo ya koma, gobe a ce motarsa ta lalace a hanya. Na ƙi tafiya sai ya gani da idonsa, don ba zan sake hawa mota a kan rantsuwar kowa ba. Sai da aka gama girbi sarai na same shi. Na ce ya riƙe hoton a gaban madubin motarsa. Ya duba sau ɗaya ya ce, "Shi ne. Kafin ka kai gindin dutsen, in ka wuce Tsafe. Ka sa ido a hannun dama." Ya haɗa ni da wani tsohon yaronsa da ke bin hanyar, ya ce a ba ni kujerar gaba.

Muka bi ta Giwa, muka tsaya a Funtuwa aka sauke kaya aka ɗora wasu. Lokacin kasuwar auduga ne, hanya cike da jakuna da shanun kaya, kowanne da farin ƙunshi. Bayan Tsafe dutsen ya fara bayyana, tun yana ƙarami kamar tulu har ya cika gilashin motar. A karo na farko na ga kansa. Na roƙi direban ya rage gudu. Na fara hango giginyoyin, doguwa da gajera, sannan karkatacciyar sandar waya. Na ce ya tsaya.

Na sauka, motar ta wuce. Ga farin dutsen, ga ukun a ƙarshen lambarsa. Komai na nan yadda yake a madubi. Sai dai babu gari. Na yi zaton zan tarar da tasha, ko gidan wani mai motoci, ko wurin gyara. Abin da ke wurin rumfa ce ɗaya ta kara, da rijiya, da bukkar leburorin hanya wadda ba kowa a ciki. Ƙauyen yana can nesa a gindin dutse. A cikin rumfar wata dattijuwa ce ke sayar wa matafiya fura da dafaffiyar gyaɗa.

Na gaishe ta, na sha ruwa, na nuna mata hoton. Ba ta ɗauki lokaci ba ta ce, "Bazazzagin nan ne. Ɗan'uwanka ne? Kuna kama ta goshi."

"Ƙanena ne, Gwaggo. A ina yake zaune?"

"Zaune? Ai ba nan yake ba. Motarsu ce ta karye a nan, ranin da ya wuce. Direban ya tafi Kano neman ƙarfe, ya bar su suna gadin kaya. Sun kwana biyu a nan, ni nake dafa musu. Yaron kirki, shi ke jan su salla. Har rigar jikana ya ɗinke mini."

Ta ce a cikin fasinjojin akwai wani Bayarabe da akwatin hoto mai ƙafa uku, da zama ya ishe shi sai ya kafa akwatin yana ɗaukar mutane. Ita ma ya ɗauke ta. Ta kwance wani ƙullin tsumma ta nuna mini nata. Tana tsaye riƙe da ludayi a gaban dutsen nan, kuma a nata tsayayyen gefen yana dama, inda Allah ya ajiye shi. Namu kaɗai ya kife.

Na lissafa a raina. Ranin da ya wuce mahaifinmu yana da rai, yana zaune a zaure yana ɗinki. Hoton ya yi watanni yana yawo a aljihun mutane kafin ya iso mu.

"Da aka gyara motar ina suka nufa?"

"Kudu, da fatu. Mai motar mutumin can ne, ko Ilori ko Badun, ban riƙe ba. Tun daga nan ban sake ganinsu ba."

Na zauna a bakin rumfar na rasa abin yi. Na zo da magana a bakina tun daga Zariya, na yi ta shirya yadda zan faɗe ta, ga shi babu wanda zan faɗa wa. Na tuna abin da Inna ta ce game da 'yan tasha. Sai na ce, "Gwaggo, in Allah ya sa ya biyo ta nan, ki ce masa yayansa ya zo. Ki ce ya je gida, mahaifiyarsa na nemansa."

Ta dube ni. "Rasuwa aka yi?"

Na kawar da kai na dubi dutsen.

"Allah ya jiƙan rai," in ji ta. "Ba zan faɗa masa ba. Zan ce ya je gida."

Sai da rana ta yi sanyi na samu motar komawa. Da na isa gida na zauna a bakin ƙofar Inna na ba ta labari tun daga farko. Ba ta tambayi dutse ko giginya ba. Ta tambaya ko matar ta ce yana cin abinci, ko ta ga alamar ciwo a jikinsa. Da na zo kan maganar jan salla ta ce, "Yana salla dai." Sannan ta ce wa matata a ɗora mini ruwan wanka, ta tashi da kanta ta dama kunun tsamiya, aka kawo mini zaure. Baffa ya ce shi dama tun farko ya san ba nan kusa ba ne.

Auta bai zo ba a shekarar nan. Sai a bazarar shekara ta gaba, wata ranar Alhamis, na ji sallama na ɗaga kai na gan shi a ƙofar zaure, da dogon wando da hular direbobi a hannu. Ya zama direba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya kafin in buɗe baki. Ya ce ya daɗe da ji, wani Bazazzagi mai sayar da tsire ya gaya masa a tashar Jaba, bakin gadar Kwara, yana tsakiyar cin abinci. Ya ce kunya ce ta hana shi zuwa. Hanyar Gusau kuwa bai sake bin ta ba tun wancan karon, saƙon da na bari bai taɓa isa gare shi ba.

Ya shiga wurin Inna, ban bi shi ba. Daga zaure ina jin kukanta, tana kiran sunansa tana sakewa.

Da yamma muna cin tuwo na ba shi labarin Kufena da Dutsen Wai da madubi da mai fura. Ya fara dariya, da ya ga fuskata ya daina. Ya ce, "Yaya, wurin nan ai ba gari ba ne. Lalacewa kawai muka yi."

"Na gani da idona. Me ya hana ka rubuta inda kake?"

"Na ba da saƙo da baki. Na ce a gaya muku Ilori nake zaune."

"Da allo da tawada aka rene ka."

"Ban yi tsammanin za a manta ba, Yaya."

Na wanke hannu na tashi na bar masa tuwon.

Ya yi 'yan kwanaki. Baffa ya kai shi kabarin mahaifinmu. Inna ta ci abinci a kwanakin nan fiye da yadda ta ci a shekara guda, ta sa aka yanka kaza, ta sa ya zauna kusa da ita tana shafa kansa kamar yaro. Na roƙe shi ya zauna, ko ya nemi mota a nan Sabon Gari, ya ce ubangidansa ya amince masa, ba zai ajiye masa mota ya gudu ba.

Ran da zai tafi na raka shi Ƙofar Doka, inda ya ajiye motar saboda lungunanmu ba sa ɗaukar ta. Kafin ya hau na riƙe ƙofar na ce ya faɗa mini sunan unguwar da yake a Ilori da sunan mai motar. Ya faɗa. Na ce ya sake. Ya sake faɗa, na maimaita a gabansa har sai da ya ce daidai ne. Na ce in ya tashi daga nan ya aiko a rubuce, ya ce in sha Allahu.

Da damina ta tsaya Inna ta kwanta ciwo, na ba wani mai fataucin goro saƙo zuwa unguwar. Ya dawo ya ce ya sami gidan, ya ga mai motar, amma an ce auta ya bar aiki a nan ya koma wurin wani mai motoci a gabas. Ba su san wane gari ba.